Alamomin da ke Bisa Kushewar Mutanen Dā

Ya kai mai karatu, babu shakka ka taɓa raka gawa maƙabarta, ko a Maraɗi, ko a Tsibiri, ko a Jiratawa. In ka tuna abin da idonka ya gani can, za ka ce tudun ƙasa ne kusa da tudun ƙasa, nan ƙaya, can fasasshiyar tukunya, can kuma guntun itace da gara ta soma ci. Da wuya ka ga sassaƙaƙƙen dutse mai suna da shekara, irin wanda ake gani cikin hotunan maƙabartun Turai ko na Santambul. Wasu ƴan lakwal in sun ga haka sai su ce kakanninmu ba su bar alama ba don ba su iya rubutu ba. Wanga zance ba shi da tushe. Katsinar da kakannin mutanen Maraɗi suka baro garin malamai ce, inda Ɗan Marina da Ɗan Masani suka yi rubuce-rubuce tun ƙarni na 17. Wanda ya iya rubuta littafi ba zai kasa rubuta suna bisa dutse ba. Akwai dalilin da ya sa suka bari. Kuma kushewar da ba ta da baƙi ko ɗaya tana da alamomin da ake karantawa, in an san yadda ake karanta su.

Mu soma da alamar da ta fi kowace girma, wadda saboda girmanta ma ba a lura da ita. Kaburburan Musulmi a ƙasarmu tsawonsu daga kudu zuwa arewa yake. Ana kwantar da mamaci bisa ɓarinsa na dama, fuskarsa tana duban alƙibla, alƙiblarmu kuwa wajen gabas take. Mutumin da ya kwanta bisa dama yana duban gabas, tilas kansa ya yi kudu, ƙafafunsa su yi arewa. Gwada da kanka bisa tabarma ka gani. Da wannan alama ce masu tonon tarihi suke gane tsohuwar maƙabartar Musulmi ko da babu wanda ya tuna da ita. In sun tarar da ƙasusuwa duk sun fuskanci wuri ɗaya, ba munduwa, ba mashi, ba ƙwarya kusa da su, sai su ce Musulunci ya riga ya zo nan lokacin da aka yi wannan biso.

Sai ginin kabarin kansa. Ka san ana auna tsawon gawa da kara, a ba masu gina. Su kuma su fara tona faffaɗan rami, uwar kabari, sa'an nan a tsakiyarta su tona siririya mai zurfi, ƴar kabari, wadda ba ta fi faɗin mutum a kwance bisa ɓari ɗaya ba. Bayan an sa gawa ana jera itace bisa bakin ƴar kabari, ko kuwa manyan katangun tukunya, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zuba wa mamaci, daga nan a maida ƙasa har ta yi ƙozo. Tukunyar da kake gani a kife bisa kabari, ko katangar da aka kafa wajen kai, ƴar'uwar waɗanda ke ciki ce. Na sha jin ana fassara ta, wai tukunyar da ta fashe tana nufin rai ya ƙare, ko wai rabon mutum na tuwo ya yanke. Fassarar tana da daɗin ji, ba na kuma hana kowa riƙe ta. Amma ni a ganina dalilin farko ya fi haka sauƙi. Itace yana ruɓewa, gara tana cinye shi cikin damina ɗaya ko biyu, gasasshen yumɓu kuwa sai ya shekara ɗari cikin ƙasa bai sake ba. A kwarin da mata suke gina tukwane, kamar yadda aka san Jiratawa da su, fasasshiyar tukunya ba ta wuyar samu, kuma ba a saye.

Ƙayar da ake tulawa bisa sabon kabari ita ma tana ba da labari. A ƙarni na 19 kwarin gulbin Maraɗi kurmi ne mai duhu, shi ya sa ma waɗanda suka gudo daga yaƙi suka fake cikinsa. Inda kurmi yake akwai kura, kura kuwa tana tonon gawa. Yanzu kurar ta yi nisa, amma karnuka da awaki suna nan, al'adar ba ta mutu ba. Ƙaya ɗanya tana cewa biso bai daɗe ba. Tsawon tudu yana faɗin babba ne ko yaro. Inda ka ga gajerun kaburbura sun yi yawa wuri ɗaya, tambayi dattawan unguwa, sau da yawa za su kira maka shekarar ƙyanda, ko ta sanƙarau, ko ta yunwa irin ta 1973, ko 1984, ko 2005. Sai dai wannan rubutu na ƙasa ba ya daɗewa. Damina kaɗan za ta shafe shi, tudun ya kwanta ya zama daidai da fili.

To, me ya hana a kafa dutse a rubuta suna? Abu na farko shari'a ce. Littattafan fiƙihu biyu da malamanmu na zaure suka fi karantarwa, Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, duka sun karhanta gini bisa kabari da shafe shi da farar ƙasa. Muhtasar ya yarda a sa dutse ko itace don a bambanta kabari da ɗan'uwansa, amma da sharaɗin kada a yi masa zane. Asalin maganar daga hadisi take. An ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana shafe kabari da gini bisansa, a ruwayar Tirmizi har da rubutu. An kuma ruwaito cewa shi da kansa ya ɗauki dutse ya ajiye wajen kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane wurin. Ka ga iyakar da aka yi: alamar ganewa ta halatta, ado da alfahari ba a so. Guntun dutsen nan ko itacen da ke wajen kai a maƙabartarmu, nan ya samo asali.

Abu na biyu ƙasar ce kanta. Jigawa rairayi ce, fadama laka ce. Babu dutsen sassaƙa a Maraɗi da kewayenta. Fadar sarki ma da tubali da ƙasa aka gina ta, balle kushewar talaka.

Kada ka ɗauka dukan Musulmin ƙasashenmu na Sudan haka suka yi. A 1939, a wani wuri da ake kira Sane, kusa da Gao ta ƙasar Mali, aka tono duwatsun kabari masu rubutun Larabci na kufi, irin mai kusurwa wanda ake gani a tsofaffin Alƙur'anai. Waɗansunsu na farin dutsen marmara ne. Da masana suka duba irin dutsen da irin hannun da ya sassaƙa shi, sai suka gane daga Almeriya ya fito, wani gari na bakin teku a Andalus, cikin ƙasar Sifen ta yanzu. Tsakanin Almeriya da Gao ya fi kilomita 2,000 a miƙe. Ka tsaya ka auna wannan aiki. Sarki ya rasu a bakin Kwara. An aika da sunansa da ranar rasuwarsa bisa raƙumi, an ƙetare Sahara, an ƙetare teku. Mai sassaƙa ya yi aikinsa, an ɗoro dutsen bisa jirgin ruwa, an sake ɗora shi bisa raƙumi, ya keto hamada bai fashe ba. Ko babu abin da aka rubuta bisansa, dutsen nan ya isa shaida cewa sarakunan Gao suna da zinariyar biya da kuma abokan ciniki a bayan teku.

Rubutun kuwa ya faɗi abin da ya fi haka. Ana farawa da bisimilla, a kawo sunan mamaci da laƙabinsa, da rana da wata da shekarar rasuwarsa, tare da ayoyin da ke tuna wa mai wucewa cewa shi ma yana tafe. Sarki na farko sunansa Abu Abdullahi Muhammadu, ya rasu a 494 ta Hijira, wato 1100. Na biyu Abubakar ɗan Abu Ƙuhafa, ya rasu a 503, wato 1110. Na uku Umaru ɗan Haɗɗabi, ya rasu a 514, wato 1120. Ka lura da jerin? Muhammadu, Abubakar, Umaru. Kowane almajiri zai gane shi, jerin Annabi ne da halifofinsa biyu na farko, har da sunayen iyayensu maza aka ara. Ba a haifi waɗannan sarakuna da sunayen nan kamar yadda suke ba. Sun ɗauke su ne don su nuna wa duniya cewa a ƙasarsu Musulunci ya soma sabon farawa, su ne kuma shugabanninsa. Dutsen na uku, wanda aka sassaƙa a gida, ya tona asirin, domin bayan sunan Larabci ya kawo sunan sarkin na harshensu, Yama ɗan Kima. A wurin har da duwatsun mata masu laƙabin malika, wato sarauniya, abin da zai tuna wa ɗan Maraɗi da Iya, ya tuna wa ɗan Tsibiri da Inna.

Littattafan tarihin Tumbutu da aka rubuta a ƙarni na 17 ba su san waɗannan sarakuna da waɗannan sunaye ba. Ba don dutsen ba, da sun ɓace. Wani masani ɗan ƙasar Barazil, Paulo de Moraes Farias, ya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce na Gao da Bentiya da Essuk cikin babban littafi a 2003, mafi tsufa cikinsu yana a Essuk, na shekara ta 1013 ko 1014. Ba na faɗin wannan don in ja da malaman fiƙihu. Ina dai nuna maka abin da aka samu inda aka rubuta, da abin da mai neman tarihi yake rasawa inda ba a rubuta ba.

A cikin ƙasarmu ta Nijar kuwa akwai alamomin kushewa da suka girmi na Gao. A 1975 aka yi kiciɓis da wata maƙabarta a Bura, cikin ƙasar Tera, yamma da Kwara. A 1983 malam Bube Gado na jami'ar Yamai ya tona ta bisa ƙa'ida. A ɗan fili kaɗan ya tarar da tukwane fiye da 600 a kife, waɗansu dogaye, waɗansu masu tumbi, ƙasusuwan mutane suna ƙarƙashinsu. An ƙiyasta mutanen sun zauna can tun wajen ƙarni na 3 har zuwa na 13. Bisa tukwanen an ɗora kawunan mutane na yumɓu, a bisa waɗansu har da mahayi da dokinsa, da linzami da mundaye a hannu. Mutanen Bura ba su bar rubutu ba, saboda haka fassarar alamominsu da hankali ake yin ta. Doki dai a ƙasashenmu bai taɓa zama dabbar talaka ba, ana iya cewa mai doki bisa kushewarsa babban mutum ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne fuskokin. Da yawansu suna da tsage-tsage a kunci da goshi.

Nan ne zancen ya dawo gida. Bahaushe bai sassaƙa dutse ba, amma ya tsaga fuska. Ranar suna wanzami yana zuwa da askarsa ya rubuta wa jariri asalinsa bisa kunci. Bagobiri in ya shigo kasuwa da zanensa da suka taso daga gefen baki suka nufi kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ba ya bukatar faɗin garinsu. Katsinawa da nasu, Zamfarawa da nasu, Kabawa da Arawa kowa da nasa. A zamanin yaƙi da kamun bayi, zane shi ne katin shaida: da shi ake gane ɗan gida cikin waɗanda aka kamo, da shi ake gane gawar ɗan'uwa a fagen fama. Abin da waɗansu al'ummai suke rubutawa bisa dutse bayan mutuwa, wato wane ne ɗan wane daga wace zuriya, mu tun mutum yana ɗan kwana bakwai muke rubuta shi, ya tafi da shi kushewa. Yanzu zane yana ƙarewa, iyaye sun daina, likitoci ma suna hanawa saboda cututtukan da aska ke ɗauka. Ban ce a koma masa ba. Amma ya kamata mu san cewa wani littafi ne ake rufewa, dattawan da suka iya karanta shi kuwa suna raguwa.

Labarin Bura bai ƙare da daɗi ba. Bayan an nuna kayan a Paris a 1993, masu sayen kayan tarihi na Turai suka yi musu caa. Dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi, mutane suka ɗauki hauya da shebur suka tone maƙabartu masu yawa. A 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka hana saye da sayarwa. Kan yumɓun da aka cire daga kushewarsa aka ajiye a ɗakin wani attajiri a Turai ya zama kamar shafi ɗaya da aka yage daga littafi. Ba a san wa ke ƙarƙashinsa ba, ba a san me ke kusa da shi ba, ba a san zurfin da aka same shi ba.

Kakannin Katsinawa su ma ba kullum suka yi biso irin na yau ba. Gabas da birnin Katsina, cikin ƙasar Mani, akwai wurin da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Sunan ma ya faɗi abin da ke wurin, kusheyi jam'in kushewa ne. Manyan tuddai ne da aka tara da hannu, waɗanda ake dangantawa da sarakunan Durɓawa na farkon Katsina. Wani Bature, Palmer, ya tona a 1907 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana na Jamus da Najeriya suka tona uku. A tsakiyar kowane tudu mutum ɗaya ne, tare da kayansa: mundaye na tagulla, da zinariya, da wuri, da hauren giwa, har da kwanon tagulla da ya fito daga ƙasashen Larabawa. Awon da aka yi ya nuna bison ya faɗa tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A nan tudun shi ne alamar. Girmansa yana faɗin yawan hannun da sarki yake iya tarawa su ɗauko ƙasa. Bisne mutum da dukiyarsa kuma yana nuna ana ganin zai yi amfani da ita inda za shi. Da Musulunci ya kafu sai tudun ya ƙanƙance, dukiyar ta koma ga magada, sarki da bawa suka koma likkafani iri ɗaya. Abin da ya rage na Durɓawa a wurinmu shi ne sarautar. Har yau Durɓi yana cikin manyan fadar Maraɗi, tare da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka.

Yanzu ka duba sarakunan da suka kafa garuruwanmu. Da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, Sarki Magajin Halidu ya fita, aka ci su yaƙi a Ɗankama, labarin da aka gada ya ce cikin rijiya ya faɗa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Ɗan Kasawa ya yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram kafin ya zo ya kafu a Maraɗi wajen 1819. A 1836, a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duka suka kwanta dama a fagen. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri da taimakon Ɗan Mari na Maraɗi. Mutanen da suke binne sarkinsu da gaggawa a daji, abokan gaba na bayansu, ba su da lokacin sassaƙa. Ɓoye kabarin ma ya fi musu alheri, kada maƙiyi ya wulakanta shi. A ɗaya ɓangaren kuwa, inda aka zauna da ƙarfi, an yi hubbare: na Shehu Usmanu a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, da na Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837. Har a can ɗaki ne ake ginawa, ana ziyara, ba dutse mai hoto ba.

Duk da haka sunayen ba su ɓace ba. Bakin maroƙa da makaɗan fada ne ya riƙe su. Jerin sarakunan Gobir da ake karantawa a Tsibiri ya haura suna 300. Kirarin Bawa Jan Gwarzo da na Ɗan Baskore da na Ƙaura Hasau suna nan a bakin mutanen da ba su taɓa ganin kushewarsu ba. A gidan talaka kuma akwai sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, sa'an nan in an haifi jika a maida masa sunan marigayi, a riƙa kiransa Abba ko Baba don kunyar faɗin sunan. Wannan hanya tana da ƙarfi, tana kuma da rauni. Tana riƙe suna da hali, amma ba ta riƙe shekara, ba ta riƙe wuri. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwari, Nasara suka maido garin bisa tudu suka yanka tituna a miƙe. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu, Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Mokoyo. Kusheyin iyayensu kuwa can ƙasa suka zauna, ruwa ya bi ta kansu, daga baya wuraren suka zama gonaki da garake.

Alamomin baƙi da za ka iya cin karo da su ba su da wuyar fassara. Gicciye alamar Kirista ce, kuma tun da ƴan mishan suka zauna Tsibiri a 1927 akwai Hausawan da ake binnewa da ita. A tsofaffin maƙabartun Turai ana sassaƙa ginshiƙin da ya karye don wanda ya mutu da ƙuruciya, ƙoƙon kai kuma don tuna wa mai rai makomarsa. Turkawan Santambul, Musulmi ƴan'uwanmu, suna sassaƙa rawani bisa kan dutsen namiji, irin naɗin ya nuna malami ne ko soja ko ma'aikacin fada, bayan 1829 kuma jar dara ta maye gurbin rawani ga ma'aikata. Dutsen mace furanni ake yi masa. Jinjirin wata da tauraro, da mutane da yawa suke ɗauka tun zamanin Annabi suke, daular Turkawa ce ta baza su. Faransa ta ara ta sa bisa duwatsun sojojinta Musulmi. A Duwomo, kusa da Bardan inda aka yi mummunan yaƙi a 1916, akwai irin waɗannan duwatsu 592, duk an juya su suna duban Makka.

Amma kada ka ɗauka duk abin da aka rubuta bisa kabari ya zama gaskiya. A Maijirgi, kan hanyar Tasawa, akwai kaburbura biyu na Nasara, na kaftin Voulet da kaftin Chanoine, waɗanda suka ƙone Birnin Ƙonni suka bi ƙasarmu da kisa a 1899, har sojojinsu suka juya musu suka harbe su ran 16 da 17 ga watan Yuli. An san sunansu, an san ranarsu, an gyara wurin. An ruwaito cewa a 1923 wani matashin kwamanda, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe kaburburan, aka tarar babu kowa ciki. Dubban mutanen da suka kashe a hanya kuwa babu mai alama ko ɗaya.

Yau abin yana sakewa. In ka shiga manyan maƙabartun birni za ka ga allunan ƙarfe da masu walda suke yi, an rubuta suna da ranar rasuwa da fenti, wani da boko, wani da ajami, wani da Faransanci. Gari ya cika, ana biso da yawa kowace rana, wanda ya yi tafiyar shekara biyu in ya dawo ba ya gane inda mahaifiyarsa take. Mu masu koyar da manya mun san wannan bukata. Mutum in ya iya rubuta sunansa, abu na biyu da yake so a nuna masa shi ne sunan ubansa, kuma ba sau ɗaya ba aka ce da ni don allon kabari ake so. Malamai sun rabu a kan batun. Waɗansu, musamman tun da Izala ta yi ƙarfi a Maraɗi cikin shekarun 1980, suna cewa a tsaya ga dutse ko itace marar rubutu. Waɗansu suna sassautawa in suna ne kawai don ganewa, ba yabo, ba aya da za a taka ko rana ta ƙone. Wannan hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi.

Abin da ke hannunmu shi ne takarda, ita kuwa babu malamin da ya hana. Allon ƙarfe yana tsatsa, fenti yana kaɗewa cikin damina uku, masu jari-bola ma suna tsincewa. Littafin rubutu mai shafi 100 da aka ajiye cikin adaka ya fi shi daɗewa. Ka sami tsohon gidanku ko tsohuwar gidanku, ka tambaye su: wa aka binne a ina, a zamanin wane sarki, shekarar wace yunwa ko wane ruwa, kusa da wace kuka ko wace tsamiya, wane irin zane ne a fuskarsa. Wanda yake ɗan shekara goma lokacin ruwan 1945, yau ya kai casa'in. Ka fara da shi, kuma in ya ce zai nuna maka wurin a cikin kwari, ka nemi amalanke ka kai shi kafin damina ta sauka.